Bashin da Aka Yafe Ya Dawo

Matso kusa, 'yar'uwa, ajiye tsintsiyar nan tukuna. Tun da na dawo Kibiya bakina bai huta ba. A gidan suna, "Gwaggo Hansai, ya Amurka?" A gidan rasuwa ma ana tsakiyar addu'a sai wata ta zungure ni ta ce, "Wai da gaske karensu yana sa riga?" Na gaji da maimaici. Shi ya sa na ɗauko biron da na koyi riƙewa a ajin yaƙi da jahilci, zan zuba shi gaba ɗaya, wadda ta iya ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Kin dai san ni. Kasuwar Rano ma sai in shekara ban leƙa ba. Daga ɗakina sai madafa, sai bakin zaure in miƙa wa maigidana Malam abinci in ya tashi ɗalibai. Abu biyu ne suka fitar da ni. Na farko, surukata Zulai 'yar Madachi ta haihu, ga shi mahaifiyarta ta rasu, babu mai yi mata wankan jego. Na biyu kuma bashi.

Ɗana na fari, wanda kin san ba zan rubuta sunansa ba, sai dai in ce Yayan Balaraba, ya daɗe a can. Da ya samu takardar zama ya karanci aikin jinya, kuma da rancen gwamnatinsu ya yi karatun. Wata shekara ya bugo waya yana dariya, wai shugaban ƙasarsu ya fito ya ce ya yafe wa ɗalibai bashi. Malam ya yanka rago, ɗalibai suka yi sauka, na kwana biyu ina zuba waina. Mutumin da ba mu taɓa gani ba muka yi ta sa masa albarka. Can bayan an manta, sai Zulai ta yi suɓutar baki a waya ta gaya wa ƙanwarsa Balaraba cewa bashi yana nan daram, har ruwa yake ƙarawa.

Labari ya iso kunnen Malam. Ya ce, "Bashin da aka ce an yafe, ya dawo? Mai shi ne ya mutu magada suka tayar?"

In ya tambayi yaron a waya sai ya ce, "Baba, ana kan magana." Ana haka sai Malam ya yanke hukunci: ɗansa ba zai tsaya gaban Allah da bashi mai ruwa ba alhali shi yana da ƙasa. Zai sayar da gonar Rurum. Gonar nan kuwa ita ce tuwonmu, ita ce tuwon ɗalibai. Masara daga can, riɗi daga can. Alhaji Ɗanlami dillalin Rano, wanda a da sai salla-salla muke ganinsa, ya fara zuwa gaishe da Malam duk Juma'a har da lemo.

Ranar tafiya Malam ya ce mini, "Ki je ki ga mai bashin nan ido da ido. Ki gaishe shi, ki ba shi haƙuri kamar yadda ake yi. Abin da kika dawo da shi, da shi zan yi aiki."

Ɗan acaɓa ne ya kai jakunkunana tasha, ni na bi a ƙasa ina sallama da mutane kamar mai tafiya Makka. Daga Rano muka shiga mota zuwa Kano. Na jirgi ba zan daɗe a kai ba. An ɗaure ni da bel kamar akuyar kasuwa, aka kawo abinci a ɗan kwanon da ko kyanwar gidanmu za ta raina. Na tambayi wata 'yar kasuwa da ke kusa da ni ina gabas, ta ce, "Hajiya, a nan gabas yawo take, ki yi niyya kawai." A ƙasar da muka canza jirgi kuma na haɗu da matattakala mai tafiya da kanta. Na tsaya ina jira ta tsaya, ashe ba ta tsayawa. Sai da matar nan ta kama hannuna ta ce in yi bisimilla in daka tsalle. Ni na hau, takalmina ɗaya ya biyo baya shi kaɗai.

A bakin shiga ƙasarsu wani ɗan kare mai dogon kunne ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi. Ashe ma'aikaci ne, albashinsa yake ci. Aka buɗe. Dambun nama da kilishi suka tafi, wai nama ba ya shiga. Da wani jami'i ya kwance ƙullin daddawa sai da ya ja da baya taku biyu, ya kira ɗan'uwansa shi ma ya sansana, suka mayar mini da sauri suna ɗaga hannu. Kantun riɗin da na yi da riɗin gonar Rurum kuwa ko kallonsa ba su yi ba.

Sannan aka kai ni gaban wata mata a cikin akwatin gilashi. Ta yi magana, na yi murmushi. Ta sake, na ƙara murmushi. Sai ta miƙo mini waya, na ji murya ta ce, "Salamu alaikum Hajiya, ni ne tafinta." Hausar Damagaram ce, amma wallahi kamar na ji muryar ɗan ɗakinmu.

Ya ce, "Tana tambaya, wurin wa kika zo?"

Na ce, "Wurin ɗana."

"Sunansa?"

Na ce, "Yayan Balaraba."

"A'a Hajiya, sunan yanka."

Na ce, "Bawan Allah, ɗan fari ne fa."

Sai ya fashe da dariya. Ya ce, "Wayyo Allah! Ni ma tawa uwar ba ta taɓa faɗin nawa ba. Amma Hajiya, matar nan ba ta san kunya irin tamu ba. In ba ki faɗa ba, jirgin da ya kawo ki shi zai mai da ke."

Na tsallake teku, an ci kilishina, kuma in koma saboda suna? Amma bakina ya ƙi buɗuwa. Can na ce, "Ka gaya mata sunan Annabin da kifi ya haɗiye ne."

Ya fassara. Matar ta dubi takardar gabanta, ta dube ni, ta yi da hannu kamar kifi yana haɗiya, na gyaɗa kai. Ta buga hatimi tana girgiza kafaɗa don dariya. Ashe su ma suna da labarin.

Gidansu kuwa na katako ne, an shafe shi da fenti ya yi kyau kamar akwatin lefe. Babu zaure, babu tsakar gida, in ka yi tari a sama ana ji a ƙasa. Maƙwabci zai wuce ka ya ɗaga yatsu biyu, shi ke nan an gaisa, ba ya gida ba ya gajiya. Da safe madara mai sanyi suke zuba wa wani abu mai kama da dusar masara su ce sun karya. Ni dai na dama kunun kanwa na cika wa mai jego ciki. Ruwan zafi a famfo yake, babu hura wuta, wannan kam na yaba musu. Ranar da na sa garwashi a kasko zan yi wa Zulai turaren wuta, wani abu a rufin ɗaki ya kama ihu kamar an taka wutsiyar kare. Jaririya ta ɗauka, Zulai na kaɗa tawul, ni ina salati. Tun daga nan a bakin taga muke turare kamar ɓarayi.

Da na ga jego ya miƙa, sai na tayar da maganar da ta kawo ni. Kin san ba zan zauna in yi ta musayar magana da ɗan fari ba. Yana zaune a kujera, ni a tabarmar da na zo da ita, Zulai a tsakiya da jaririya.

Na ce, "Zulai, tambayi mijinki, ya aka yi bashin da muka ci ragonsa ya tashi?"

Ya ce, "Zulai, gaya wa Inna, shugaban ya ce ya yafe, gaskiya ne. Sai wasu suka kai ƙara. Manyan alƙalai suka ce kuɗin ba nasa ba ne balle ya yafe. Makullin rumbu yana hannun majalisa."

Zulai ta ce, "Inna, kin dai ji."

Na ce, "To majalisar ta yafe mana."

"Sun kasa haɗa baki."

"Su ba su taɓa yafe wa kowa ba?"

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce ai sun taɓa. Lokacin da manyan bankuna da kamfanoni suka tashi durƙushewa, gwamnati ta tallafe su da kuɗi mai yawa. Wasu sun biya daga baya. A lokacin korona kuma aka ba masu kamfanoni rance, aka yafe wa da yawansu.

Na ce, "Zulai, tambaye shi, su masu kuɗin ne aka yafe wa?"

Ya ce, "Wai in babba ya faɗi, zai danne ma'aikatan da ke ƙarƙashinsa."

Wannan ban ƙi ta gaba ɗaya ba. Shekarar da mai sayen masarar Rano ya karye, har mu sai da muka ji a tukunya. Amma na ce a raina, shi kuwa mai jinyar marasa lafiya in ya faɗi ba wanda zai danne ke nan? Ga mu nan a ƙarƙashinsa, har da gona.

Na ce a kai ni wurin mai bashin in gaishe shi, saƙon Malam ne. Ya ce babu wani mutum. Na ce ko yaron shagonsa ne. Sai ya danna waya ya ajiye a gabana. Wata mata ta yi magana, na yi sallama, ba ta amsa ba. Ashe inji ne. Daga nan sai kiɗa. Muka zauna muna sauraron kiɗa har jaririya ta yi barci ta farka. A garinmu mai bin ka bashi shi ke zaman jiran ka a ƙofar gida, a can kai za ka neme shi ya sa maka garaya.

Na ce, "To wai kuɗin nan na wane ne? Ba na shugaba ba, ba na alƙalai ba."

Ya ce, "Na jama'a ne. Harajin kowa da kowa."

"Har maƙwabtan nan?"

"Har su."

Ke ma kin san abin da ya faɗo mini. In mutum ya rasu a Kibiya, ba a tashi a ce duk wanda yake bin sa ya faɗa ko ya yafe ba? Mai haƙƙi ai shi ake roƙo. Tun da masu haƙƙin ga su nan jere a layi, me ya kai mu jiran majalisa?

Akwai wata Hajiya Mariya a bayan layinsu, Bahaushiyar Kumasi ce, ta daɗe a can tana sayar da abinci, Turanci a bakinta kamar ruwa. Na gaya mata shirina. Ta dube ni ta ce, "Yaya Hansai, wannan abu ba a taɓa yin shi a ƙasar nan ba." Sai kuma ta ɗauko mayafi. "Mu je. Ni dai ina son in ga idonsu."

Muka bari Yayan Balaraba ya tafi aiki. Na jera kantu a faranti na rufe da faifai, muka fara.

Gidan farko ƙofar ce ta yi magana, ba mu ga kowa ba. Mariya ta ce sun ce ba sa sayen komai. Na ce ki gaya wa ƙofar ba talla ba ce, ta ƙi sake tankawa. Gida na biyu wani saurayi ya saurara baki buɗe, ya ce ya yafe, ya kwashi kantu da hannu biyu, ina jin ko me muka roƙa zai yafe. Gida na uku wata malamar firamare ce. Mariya na cikin bayani sai matar ta fara hawaye. Wai ita ma bashin karatun ne a wuyanta tun tana budurwa, ga shi har ta fara furfura. Ta ce ta yafe nata kason. Na ce to ni ma a madadin ɗana na yafe mata nasa. Muka rungumi juna a bakin ƙofa, matalauta biyu suna rabon kuɗin da ba su taɓa gani ba.

Sai gidan tsohon nan da nake kira Baba Mai Kare, shi ne mai karen da ke sa riga. Mai gyaran famfo ne, yana da 'yar motar aiki da ma'aikata. Ya saurara har ƙarshe hannu a ƙugu. Sannan ya buɗe tafukansa ya nuna mini, duk kanta.

Mariya ta ce, "Wai shi bai yi jami'a ba. Tun yana yaro yake kwance a ƙarƙashin bututun mutane. Ya ce don me harajinsa zai biya wa wanda ya ci rance da idonsa biyu, kuma watakila ya fi shi albashi?"

Wallahi maganarsa ta shige ni. Hannun nan irin na manoman ƙauyen Durba ne. Na ce, "Gaya masa yana da gaskiya. Haƙƙinsa ne. Ni ba ƙwace na zo ba, roƙo na zo."

Mariya ta fassara, amma na ga ta ƙara da nata, tana nuna motar. Fuskar tsoho ta yi ja kamar gauta.

Na ce, "Me kika ce masa?"

"Tambayarsa na yi rancen da aka yafe masa lokacin korona. Duk layin nan an sani."

Ya yi ta zuba yana kaɗa yatsa. Wai wannan daban ne, majalisa ce ta amince, kuma da kuɗin ya riƙe ma'aikatansa bai kori ko ɗaya ba. Na ce a tambaye shi, ranar da aka ce masa an yafe, ya ya ji? Ya ɗauki kantu ya gatsa, haƙoran roba suka biyo kantun waje. Ya mayar da su a nitse kamar ba a yi komai ba. Sannan ya ce ranar ya yi barci mai daɗi.

Na ce, "To ka yafe?"

Ya ce bai yafe ba, bai kuma ƙi ba. Wai sai ya yi tunani tukuna. Ya ƙara ɗaukar kantu biyu, wai na matarsa.

Kafin la'asar hotona da faranti ya zaga wayoyin unguwa. Yayan Balaraba ya shigo ko takalmi bai cire ba. Ranar ya manta da Zulai, kai tsaye ya ce, "Inna! Me kika yi?" Ya zauna ya dafe kai, ya ce ko duk garin suka yafe, ko sisi ba za ta ragu ba, ba haka abin yake aiki ba. Sai kuma muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, "Don Allah kar ki bari Baba ya sayar da gonar nan. In aka canza kuɗinta zuwa nasu, ko gefen bashin ba za ta taɓa ba. Ina biya duk wata. Zan gama."

Na ce, "Zulai, gaya masa ya san ubansa."

Don Malam ba lissafi yake yi ba. Ko cokali ɗaya gonar za ta rage, zai sayar ya ce ya sauke nasa nauyin. Ni kuma ba zan yi masa ƙarya ba. Da wannan damuwar na hau jirgi, da ita na sauka.

Da muka shigo layinmu, motar Alhaji Ɗanlami na fara gani a ƙofar gida. Ya taso har da rusunawa, "Hajiya 'yar Amurka, sannu da hanya!" Na amsa a daƙile. Malam ya bari na ci abinci na yi salla, sannan ya shigo ya zauna a bakin ƙofar ɗakina, dillali na jira a zaure.

Ya ce, "Bashi yana nan?"

Na ce, "Yana nan, Malam."

"Kin ga mai shi?"

"Na ga wasu daga ciki."

Na kwashe komai na gaya masa, tun daga makullin rumbu har haƙoran Baba Mai Kare. Yana jan carbi bai katse ni ba.

Ya ce, "Wato wanda ya ce ya yafe, wakili ne, dukiyar ba tasa ba."

"Haka alƙalansu suka ce."

"Sun yi daidai a nan. Wakili ba ya kyauta da kayan mutane." Ya ja carbi. "Amma ga manya an samu bakin da ya haɗu."

"An samu."

"Cikin waɗanda kika roƙa fa?"

"Wasu sun yafe. Ƙofa ɗaya ta ƙi. Tsohon ya ce sai ya yi tunani."

"Saura mutum nawa ba ki je wurinsu ba?"

Na ce, "Malam, an ce sun fi mutanen Nijeriya yawa."

Gemunsa ya fara rawa. Ya kau da kai yana tari, amma na gan shi, dariya ce. Ya daɗe yana kallon rumbunmu. Sannan ya miƙe ya gyara babbar riga ya nufi zaure, ni kuma na laɓe a bayan asabari.

Na ji ya ce, "Alhaji, sai dai ka yi haƙuri. An fara neman yafiya wurin masu haƙƙi, wasu sun amsa, wani ya nemi a ba shi lokaci. Rashin ladabi ne mutum ya ce zai yi tunani kai kuma ka yi gaban kanka. Za mu dakata sai an ji ta bakin sauran."

Alhaji ya ce, "To Malam, kamar zuwa yaushe?"

Malam ya ce, "Suna da ɗan yawa."

Bana ma masara muka shuka a Rurum, ta yi kyau. Yaro yana can yana biya, Malam kuma duk asuba sai ya sa shi a addu'a. Ni da Malam ba mu ƙara tayar da zancen ba, ya san na san jiran nan ba mai ƙarewa ba ne, na san shi ma ya sani. Abin da dai ya tsaya mini a rai shi ne tafukan tsohon nan da hawayen malamar nan, har yau na kasa cewa ga mai gaskiya a cikinsu.

To ke fa? In da ke ce kika buɗe ƙofa kika gan ni da farantin kantu, guminki ne a cikin kuɗin, kuma kin san jiya an yafe wa wanda ya fi ɗana ƙarfi ba a tambaye ki ba, me za ki ce mini?